Ƙariya ko Ɗoɗɗoya

Habsa na cikin juya ta zuwa ɓarin hagu, hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a ƙugu, sai Dijatu ta sake ɗauko maganar nan tata.

"Yau dai ki ɗauki guda ki hita da ita."

"Yaya Dije, bari in gama da bayanki tukuna."

"Bayana ya riga ya gama. Tukwanen can nike hwaɗa miki."

Habsa ta ci gaba da aikinta. Ta gyara mata zane, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyin da suka kumbura, ta jiƙa tsumma ta goge mata wuya da bayan kunne. Tsakiyar bazara ce, kwanon rufin ɗakin sai ƙara yake don zafi, tsumman ma kafin a mayar da shi cikin ruwa ya bushe. A ƙarshen gadon, mussar Dijatu, wadda ake kira Baƙuwa don ita ta kawo kanta gidan, ta miƙe a jikin tafin ƙafar tsohuwar kamar an ba ta gadi.

Dijatu maƙwabciyar Habsa ce, katanga ɗaya ta raba su fiye da shekara talatin a nan Filinge. Sati uku ke nan da aka dawo da ita daga likita a Yamai, aka ce a kai ta gida a ci gaba da ba ta magani, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Ɗiyarta Basiratu ta biyo ta, amma tana da tsohon ciki, ba ta iya ɗaga ta. Ɗanta Nafi'u yana Libiya shekara huɗu, sai dai murya a waya. Ƙanenta Malam Zaidu yana zuwa safe da yamma ya zauna a ƙofar gida da tasbaha. Ɗagawa da juyawa da wankin zannuwa duk suka faɗo kan Habsa. Ba wanda ya ce ta yi, ba wanda kuma ya ce ta bari.

Tukwanen da Dijatu ke magana guda biyu ne, suna ƙarƙashin rumfa, daidai inda mai kwance zai hango su ta ƙofa. Ɗaya ƙariya ce, a cikin tsohuwar randa da bakinta ya fashe. Gindinta ya kumbura kamar ƙaramar kuka, ba ganye ko ɗaya a wannan lokaci, sai furanni ja-ja a kan rassa tsirara. Marigayi Ibrah, mijin Dijatu, shi ya tono ta a gindin dutse tana kamar yatsa, shekarar da aka haifi Nafi'u. Ba ta neman komai. In an tuna an zuba mata moɗa ɗaya a wata, ya ishe ta, in an manta ba ta nuna fushi. Amma ruwan jikinta dafi ne, mutanen da ma shi suke shafa wa kibiya. Wata shekara ɗan Baƙuwa ya tauni reshenta yana wasa, kafin la'asar ya sandare. Tun daga ranar aka kewaye ta da ragar waya, aka kafe ragar da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa.

Ɗayar ɗoɗɗoya ce, a cikin rabin bido, wato jarkar ruwa, da aka yanke. Ita kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Safe da yamma sai ta sha, in an makara ta langaɓe kamar an yi mata rasuwa. In ta yi fure sai an bi an tsinke, in ba haka ba ta tsufa ta bushe. Sai dai tana korar sauro, tana gyara shayi, kuma Baƙuwa kan kwanta a jikin bidon don sanyin ƙasar, ta tsinki ganye ta tauna in cikinta ya ɓaci, ba abin da ke samun ta.

"Guda taki, guda ta Nafi'u," in ji Dijatu. "In ya zo shi iske wani abu nawa da ke numfashi. Ke za ki zaɓa, tunda ke ka wahala da ni."

"Kina da ranki in kama kwasar kayanki? Mi mutane za su ce?"

"In na mutu mi za su ce? Allah shi jiƙan ta, su ci gumba su tahi. Ke dai kin san Zaidu."

Habsa ta san shi. Malam Zaidu ba mugu ba ne, tsoron haƙƙi ne ya yi masa yawa. A wurinsa, da zarar rai ya fita, duk abin da ke cikin gida ya zama na magada, ko tsinken sakace ba ya fita sai kowa ya hallara an raba. Kyautar da aka yi da baki ba a ɗauka ba, ya ce ta koma gado. Da mahaifiyarsu ta rasu, kwaɗo ya sa wa gidan wata bakwai ana jiran wansu daga Abijan. Da aka buɗe, gara ta gama da tabarmi, lallen da tsohuwar ta dasa ya zama itacen hura wuta. Nafi'u kuwa ba wanda ya san ranar zuwansa.

Ita ma Habsa tana da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara bakwai ta yi tana jinyar mijinta Magagi bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ce wanka, ita ce ci da shi, ita ce fitar da shi inuwa da mayar da shi. Ranar da aka kai shi ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma washegari da ta farka ta ji ba wanda ke jiran ta, sai wani sauƙi ya sauko mata a ƙirji, wanda har yau take jin kunyarsa. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara ajiye abin da zai jira ta da safe ba. Ta rabu da akuyarta, ta ba da kajinta. Jinyar Dijatu ma, in za ta faɗi gaskiya, ta ɗauka ne don ta san mai ƙarewa ce. Ɗiyarta Nasiba da ke aure a Baleyara ta riga ta share mata ɗaki, ta ce da an gama ta taho ta huta har damina ta faɗi, ba ɗaukar bido daga pampo, ba hura wuta. Habsa kan tuna ɗakin nan duk lokacin da wuyanta ya riƙe.

Ƙariya sai ta bar ta a tsakar gida wata uku, ta dawo ta same ta da fure. Ɗoɗɗoya kuwa, wanda ya ɗauke ta ya ɗauki mussa, wanda ya ɗauki mussa ba ya zuwa Baleyara.

Ran Alhamis numfashin Dijatu ya sake, ya riƙa fita da wani ɗan kurari. Da hantsi ta sa Basiratu ta kira kawunta.

"Zaidu, shigo, ka bar ƙidayar tsakuwa a waje."

"Tasbaha ta, Yaya."

"To shigo da ita, ita ma ta shaida."

Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. Dijatu ta huta sau biyu kafin ta kai ƙarshen maganar, amma ta kai. Ta ce ta ba Habsa tukunya ɗaya cikin biyun nan, wadda ta zaɓa, ɗayar kuma a bar wa Nafi'u.

"Na ji," in ji Malam Zaidu. "Amma kyauta sai da karɓa. In za ta ɗauka, ta ɗauka yanzu ina gani."

Habsa ta fita ƙarƙashin rumfa ta tsaya tsakanin tukwanen. Ba sai an gaya mata ba, ta san wadda ya kamata ta fita daga gidan da za a sa wa kwaɗo, ta san wadda za ta iya jiran Nafi'u ko shekara zai yi. Ɗoɗɗoyar ma tana ta ƙamshi don ba a daɗe da ba ta ruwa ba. Amma wuyanta na yi mata zogi tun asuba, hannuwanta duk warin sabulu da magani. Ta ji bakinta ya ce:

"Ƙariya."

Basiratu ta ɗago kai.

"Inna Habsa, ai ɗoɗɗoyar in anka ruhe gida ko kwana ukku ba ta..."

"Yi mini shiru," in ji Dijatu. "Zaɓi anka ba ta." Ta juyo da ido wajen ƙofa. "Kin yi daidai, Habsa. Ba ta wahalshe ki." Sannan ta ce, "Baƙuwa hwa?"

"Mussa ba ta rasa gidan ci, Yaya Dije."

"Haka na," in ji ta, ta rufe ido.

Malam Zaidu ya kawo ɗan ƙarfe ya ɓanɓare ƙusoshin, ya buɗe ragar. Da Habsa ta kai hannu za ta naɗe ta, ya girgiza kai.

"Tukunya anka ce. Ba a ce raga ba."

"Haba Malam, wagga tsohuwar waya?"

"Ni ban ji an ambace ta ba. In ta tashi ki tambaye ta."

Dijatu ta riga ta yi barci, Habsa kuma ba ta da ƙarfin gardama. Ta naɗa gammo, shi da kansa ya kama mata suka ɗora randar a kanta. Nauyin ya sauka mata har ƙugu. Taku talatin ne daga ƙofa zuwa ƙofa, amma sai an wuce ta gaban Balkisa mai ƙosai, wadda ba abin da ke wuce ta a lungun nan.

"A'a! Habsa, an hwara rabo ba a kira mu ba?"

Mata biyu da ke jiran ƙosai suka yi dariya. Habsa ta ji kunnuwanta sun yi zafi, ta ƙara sauri, ta manta ƙofarta gajeriya ce. Babban reshe ya daki katakon sama, ya karye, ya faɗo da furanninsa. Ta sauke randar da ƙyar a tsakar gida, ruwan reshen na ɗiga ƙasa, mai danƙo, yana tara ƙasa a jikinsa. Ta shiga ɗaki ta sha ruwa, ta zauna a bakin gado tana matsa wuyanta, ta ce bari ta ɗan huta kafin ta share.

Ba ta tuna ba cewa sati uku ke nan ita ke zuba wa Baƙuwa abinci. Mussar ta ga mai ba ta ci ta fita, ta biyo ta ta kan katanga. Da Habsa ta fito, ta same ta tsaye da ƙafafun gaba a bakin randar, ta miƙa wuya, hancinta dab da inda reshen ya karye, harshe ya fara leƙowa.

Ba ta san lokacin da ta cire takalmi ta wurga ba. Ya same ta a haƙarƙari da ƙarfin da Habsa ba ta yi niyya ba. Baƙuwa ta yi wata ƙara irin ta jariri, ta yi tsalle ta haye katanga, ba ta gefen gidan Dijatu ba, ta ɗayan gefen, wajen kangon da ake zubar da shara.

Habsa ta haƙa rami ta binne reshen, ta kankare ƙasar da ruwan ya taɓa, ta kifa babban kwando a kan randar ta danne da dutse. Ta wanke hannu sau uku. Sannan ta koma jinya, don lokacin juyi ya yi.

Ran Juma'a ba mussa. Abincin da aka zuba mata ya bushe a kasko, tururuwa suka kwashe. Dijatu ba ta cika magana ba ranar, amma ƙafarta ta dama sai motsi take a ƙarshen gadon, tana shafa tabarma a hankali, ta je ta dawo.

"Ina Baƙuwa?"

"Tana yawonta, Yaya Dije."

"Ba ta yawo da rana."

Habsa ta fita da kwanon wanki, ta ga ɗoɗɗoyar ta sunkuyar da kai, Basiratu ta manta da ita. Ta ɗebo moɗa ta zuba mata kafin ma ta yi tunani, ta tsaya tana jin haushin kanta. Bayan la'asar ta zaga kango, ta leƙa bayan rumbunan maƙwabta, ta duba ƙarƙashin amalanken da aka jingine, tana kira a hankali don kada a ji ta. Ba ta ga ko sawunta ba.

Ran Asabar Dijatu ta ƙi kunu, ta ƙi ruwa sai abin da aka ɗiga mata da cokali. Idonta ya faɗa. Habsa na juya ta, bakinta kusa da kunnenta, sai ta ji ba ta iya riƙe maganar kuma.

"Yaya Dije, ni na kori Baƙuwa. Ta biyo ni, reshe ya karye, ta kai baki. Na jehe ta da takalmi."

Dijatu ta buɗe ido da ƙyar.

"Ta lasa?"

"Ba ta lasa ba."

"To." Numfashi ya shiga, ya fita. "Da na samu takalmi wancan karon, da ɗanta na nan."

Habsa ta gama gyara matashin, ta ja zanen ta rufe ƙafafun, ta fita. A gida ta ɗauke dutsen da kwandon, ta naɗa gammo, ta gwada ɗaga randar ita kaɗai ta kasa. Ta leƙa waje.

"Balkisa, zo ki kama mini."

Balkisa ta shigo tana goge mai a zane, ta ga randar, ta riƙe baki.

"Shekaranjiya an ɗauka, yau an maida? Ba ta yi miki ba, ko kin hango wadda ta hi ta?"

"Kama mini ki bar surutu, ba ni da lokaci."

Balkisa ta dubi fuskarta, ta bar dariyar. Ta kama suka ɗora, ta riga ta zuwa ƙofa ta ce, "Duƙa, duƙa sosai," ta riƙe rassan da gefen zanenta har suka fita. Ta bar ƙosanta a kan wuta ta raka ta har ƙofar Dijatu.

Malam Zaidu na zaune a wurinsa. Ya dubi randar, ya dubi Habsa.

"Wagga kuma hwa?"

"Na maido ta, Malam. Musanya nike so."

Ya tashi ya taimaka aka sauke, don ba ya iya ganin mace da kaya ya zauna. Amma da ya miƙe ya ce:

"Habsa, kin riga kin karɓa gabana. Wagga taki ta, in kin so ki aje ta nan, ba ni hana ki. Waccan kuwa ta mai gida ta. Ba ta hita sai da bakinta, kuma yau ban ga tana da bakin ba."

"Malam, haki na. Ganye na cikin rabin bido."

"Ko rabin ganye na. Ni za a tambaya, ba ke ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, idonsa ma ja ne. Habsa ta san ko za ta kwana tana roƙo ba ya sauyawa. Ta sunkuya ta rungumi bidon ɗoɗɗoyar, ƙasa mai laima na zubo mata a zane, ta shiga da shi ɗaki ta ajiye a bakin gado. Malam Zaidu ya biyo ta, Balkisa ta tsaya a ƙofa.

"Inna," in ji Basiratu, tana shafa goshin uwar. "Inna, ga Inna Habsa na magana."

Ba motsi. Suka jira. Can waje man ƙosai ya fara ƙauri, ba wanda ya kula. Basiratu ta sake kira, ta sake. Habsa ta tsinki ganye biyu ta murje su a tafin hannu, ta kai kusa da hancin tsohuwar. Ƙamshin ya cika ɗakin, ya danne warin magani. Fatar idon Dijatu ta motsa, ta buɗe kaɗan.

"Yaya Dije, ni ta, Habsa. Na maido ƙariya. Wagga nike so. Kin ba ni?"

Leɓunan suka motsa ba sauti. Malam Zaidu ya matso da gwiwa ya kai kunne.

"Sahe," in ji Dijatu. "Da marece."

"Na sani, Yaya Dije."

"Huren... ki tsinke."

"Ina tsinkewa."

Malam Zaidu ya gyara murya. "Yaya, ba wannan anka tambaye ki ba. Kin ba ta, ko ba ki ba ta ba?"

Idon ya juyo wajensa a hankali, ya tsaya a kansa, irin kallon da ta saba yi masa tun yana yawo ba wando.

"Na ba ta. Da mussar." Ta ja numfashi. "Ka ji, ko in sake?"

"Na ji, Yaya."

Ya tashi da sauri ya fita. Jim kaɗan suka ji bugun ƙusa. Da Habsa ta fito rungume da bidon, ta same shi ya mayar da randar wurinta, yana kafe ragar da dutse, yana share fuska da hannun riga tsakanin bugu da bugu.

Ta ajiye ɗoɗɗoyar a inuwar katangarta, gefen da rana ba ta daɗewa. Sannan ta ɗauki waya ta kira Nasiba, tun kafin zuciyarta ta sake shawara.

"Ki ba wani ɗakin nan, ba ni zuwa bana."

"Lahiya, Inna? Jikin Inna Dije na?"

"An ba ni ɗoɗɗoya. Da mussa."

"Ɗoɗɗoya? Inna, don haki za ki hwasa hutawa? Ki taho da ita mana, mota na ɗauka."

"Mussa ba ta shiga mota. Kuma ban ma gan ta ba tukuna."

"Wai mussar da ba ki gani ba ita za ki zauna jira?"

"Ita."

Nasiba ta yi ta magana, Habsa ta bar ta ta gama, ta ce a gaida yara.

Dijatu ta cika ran Lahadi da hantsi. Ranar kasuwa ce, amalanke na ta wucewa ta bayan ɗaki, ana jin ƙarar bidoji da kukan awaki. Basiratu na riƙe da kanta, Malam Zaidu na maimaita mata kalmar shahada a kunne. Baƙuwa ba ta dawo ba. Ƙafar dama ta ci gaba da neman abin da take nema a ƙarshen gadon, ƙarfinta na raguwa. Habsa ta zauna a wurin, ta murza hannunta a zane har ya yi ɗumi, ta manna shi a tafin ƙafar ta riƙe. Ƙafar ta tsaya. Ko ta ɗauka mussar ce, ko ta san hannun waye, Habsa ba ta sani ba, ba kuma wanda za ta tambaya. Tana riƙe da ita har Malam Zaidu ya yi salati da ƙarfi, Basiratu ta kifa kai.

Habsa da wasu dattijai mata biyu suka yi mata wanka. Kafin azahar an kai ta. Aka yi zaman makoki kwana uku ƙarƙashin rumfar, mata na shigowa da ƙwarya, suna fita da ƙwarya, wasu na tambayar wannan fure mai kyau da aka tsare cikin raga kamar ɗan kaso. Nafi'u ya yi kuka a waya, ya ce yana nan tafe in hanya ta yi kyau, bai faɗi wata ba. Rana ta huɗu Basiratu ta hau motar Yamai. Malam Zaidu ya zaga gidan, ya leƙa kowane ɗaki, ya zuba wa ƙariyar moɗa ɗaya, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya jijjiga shi sau biyu ya ga ya kama.

Daga nan lungun ya koma yadda yake. Habsa kan tashi ta kai bidonta layin pampo, ta dawo wuyanta na zogi, ta ba ɗoɗɗoyar nata kafin ta ɗora ruwan koko. Kullum takan zuba ɗan tuwo da miya a kasko ta ɗora bisa katanga. Kwana biyu tana samun shi yadda ta bar shi. Rana ta uku ta sami kaskon a lashe, amma ba ta san ko wace mussa ce ba, unguwar ba ta rasa su.

Ranar da aka cika sati, pampo bai zo ba sam. Abin da ya rage mata a bido bai fi na sha da buta ɗaya ba, ga la'asar ta yi, ga ganyen ya fara sunkuyawa. Ta tsaya da butar a hannu tana duban su. Sai ta jawo kujerar tsugunne ta zauna dab da ɗoɗɗoyar, ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannuwanta bisa bakin bidon ta fara alwala. Ruwan ya bi yatsunta ya sauka cikin ƙasar. Ta wanke fuska, ya ɗiga daga haɓarta kan ganyen. Tana wanke hannun hagu zuwa gwiwa ta ji ɗan ƙarar kasko a sama.

Ba ta ɗaga kai da sauri ba. Ta gefen ido ta ga Baƙuwa, ta rame, gashinta duk ƙaiƙayi, tana zaune bisa katangar daidai tsakanin gidajen biyu, ta naɗe wutsiya a ƙafafunta. Ba ta sauko ba, ba ta kuma tafi ba. Habsa ta karkata butar a hankali don kada ta yi ƙara, ta ci gaba da alwalarta, ruwan na gangarowa daga gwiwar hannunta yana shiga ƙasa.